Kwana Uku A Barunde, Da Labarin Baƙon Da Ba Ya Sallama

Ran Lahadi da hantsi saƙo ya iso mini daga Gombe, cewa Allah ya sauki matar wani tsohon abokina lafiya, an sami ɗa namiji, kuma wai lalle ne in zo suna. Ban tsaya dogon tunani ba, domin kuwa rabona da gidan nan shekara guda ke nan, kuma wancan zuwan ba na farin ciki ba ne. Ta'aziyyar wansa na je, mutumin da ya rasu bai cika shekara 45 ba, bayan gajeruwar jinya wadda ta kumbura masa ciki, ta kuma mai da idanunsa ɗorawa. Likitoci suka ce sankarar hanta ce. Gidan da na shiga ana kuka, na ga ya kamata in koma ana dariya.

Ran Alhamis da asuba muka tashi daga Kano, muka bi ta Wudil da Birnin Kudu, muka faɗa Darazo, sa'an nan muka karkata hanyar Dukku. A kan wannan hanya ne a ke ƙetare kogin Gongola kusa da Gombe Abba, watau garin da Buba Yero ya zauna bayan ya karɓo tuta daga wajen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Yawancin fasinja ba su ko ɗaga kai ba, alhali kuwa nan ne mafarin sunan da duk jihar ke amsawa. Turawa ne suka ɗauke sarautar daga nan zuwa Nafada cikin 1913, suka sake mai da ita Doma cikin 1919, inda birnin ya ke a yau. Auduga ta ja mutane, jirgin ƙasa ya iso cikin 1963, kana ran 1 ga Oktoba, 1996, aka yanke Jihar Gombe daga Jihar Bauchi. Tun daga ranar garin bai daina faɗi ba.

Wanda ya san Gombe ta Jekadafari da Bolari da Pantami kaɗai, in ya zo yanzu sai an yi masa jagora. Barunde na daga cikin unguwannin da wannan bunƙasa ta haifar a gefen gari. Keke mai ƙafa uku ya sauke ni bakin titi, na ƙarasa da ƙafa cikin rairayi, ina ratsa gidajen bulo, wasu an gama an shafe, wasu ginin ya tsaya a kan taga yana jiran mai shi ya sami hali. Ga hanyoyin da ruwan damina ya zaizaye, abin da kowane mutumin Gombe ya sani, domin ƙasarsu ba ta riƙe kanta. Ga 'yan garuwa na tura kura cike da jarkoki. A ɗan tsakanin nan na ji Hausa, na ji Fulatanci, na ji Tangale. Da na isa ƙofar gidan, ragon suna ne ya fara yi mini maraba.

Bayan sallar isha'i, da aka ci tuwo aka watse, abokina ya jawo ni gefe ya ba ni labarin abin da ya faru bayan na bar su bara. Matarsa 'yar kawunsa ce, auren zumunci ne, kuma tana da ƙane likita. Wannan ƙanen ne ya matsa, bayan sadakar bakwai, sai duk gidan an je an auna jini. Cikin 'ya'yan Hajiya biyar da suka rage, uku aka samu da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, har da shi abokina. Ita ma Hajiya aka same ta da ita. Da matarsa ta je awo, ita ma haka, har ma nata ya fi yawa a jini, saboda haka tun cikin yana wata bakwai aka ɗora ta a kan wata ƙwayar magani mai suna tenofobir, guda ɗaya kullum, don a rage ƙarfin cutar kafin haihuwa.

Ya ce, "Mutumina, ka gan ni nan ko ciwon kai ba na yi. Haka Yaya ya ke har saura wata huɗu ya rasu."

Haihuwar kuwa ta zo ran Asabar da dare, a gida, kafin a sami mota. Likitan ya riga ya gaya musu cewa lalle a yi wa jaririn allurar rigakafi kafin ya cika sa'a 24 a duniya. Gari ya waye Lahadi. Wurin da suka fara zuwa aka ce a dawo ranar rigakafi, wai ba za a fasa kwalba saboda yaro ɗaya ba. A gida kuma Hajiya ta kafe cewa ita ba ta taɓa ganin an fita da jariri yawon gari kafin suna ba. Likitan ya yi ta bugun waya, ya yi ta lallashi, sai bayan la'asar aka dace a wani wurin. Aka yi allurar saura 'yan sa'o'i kaɗan wa'adin ya cika.

Washegari bayan an sauko daga Juma'a na nemi likitan ya raka ni Tudun Hatsi, babbar kasuwar hatsin Gombe, domin an yi mini sautun wake. Saurayi ne mai fara'a, ba ya gaggawar magana. Muna tsaye manyan motoci na ta sauke masara da dawa da gyada, 'yan dako na ta kai da kawowa, sai na yi masa tambayar da ta hana ni barci: yaya cuta za ta zauna a jikin mutum shekara 40 jikin bai sani ba?

Ya nuna mini buhunan ya ce, "Yaya, in an ce kowane buhu sai an farke shi an bincika kafin ya shiga kasuwar nan, za a yi ciniki yau?" Na ce ina fa. Ya ce to haka hanta ta ke. Nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi ne, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shiga cikinta daga hanji ya ke fitowa, ɗauke da duk abin da mutum ya ci, har da ɓurɓushin ƙwayoyin da ke zaune cikin hanjin. Da a ce hanta tana ta da ƙura a kan kowane baƙon abu, da kowace lomar tuwo sai ta jawo zazzaɓi. Saboda haka aka halicce ta mai haƙuri da kau da kai. Wannan haƙurin ne ke ba mu damar cin abinci lafiya, kuma shi ne wasu cututtuka ke fakewa da shi.

Amma kada mai karatu ya zaci ba masu gadi. Abin da na fahimta daga bayaninsa, da kuma abin da na bincika daga baya, shi ne wannan. Hanta, kamar sauran jiki, an gina ta da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, likitoci na ce wa kowace ɗaya sel. Kowace sel kamar gida ce mai zaman kanta, kuma tana da nata masu gadi tun ran da aka halicce ta, ba sai an koya musu ba. Su masu gadin nan furotin ne iri iri. Wasu aikinsu shinshina, suna gane sinadarin gadon halittar bairos, watau ƙwayar cutar da ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin sel. Ɗaya daga cikinsu, mai suna RIG-I, masana a Japan ne suka gano aikinsa cikin 2004. In ya shinshino baƙo sai ya taɓa wani furotin mai suna MAVS, shi kuma ya isar da saƙo har cibiyar sel ɗin, sai ta fara fitar da wani abu da a ke kira intafiron.

Shi intafiron yekuwa ne. Tun cikin 1957 Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano shi a Landan, suna gwaji da ƙwayar mura a kan tantanin ƙwan kaza, suka raɗa masa suna daga kalmar da ke nufin katsalandan, domin yana shiga tsakanin bairos da abin da ya zo yi. Da zarar sel guda ta fitar da shi, sai maƙwabta su ji, kowace ta farkar da ɗaruruwan furotin na yaƙi: wani ya daddatsa sinadarin bairos ɗin, wani ya tsai da injin da ke ƙera furotin a sel ɗin baki ɗaya, wani ya riƙe sabuwar ƙwayar a bakin ƙofa ya hana ta fita. Duk wannan cikin 'yan sa'o'i ya ke faruwa, kafin manyan sojojin jiki, waɗanda su kan ɗauki kwanaki ko makonni suna shiri, su iso. Ciwon jiki da zazzaɓin da mu kan ji in mura ta kama mu, da yawansa aikin wannan yekuwa ne.

Mun bar kasuwar ke nan ya ɗebo 'yar gyada a wani tire ya nuna mini wasu da suka yi fumfuna. Ya ce gyada da masarar da ba su bushe sosai ba kan yi wani dafi mai suna afalatoksin, wanda in ya haɗu da ciwon hanta nau'in B a jiki guda, haɗarin sankara kan ninka sau da yawa. Tun daga nan na daina jefa gyada a baki ba tare da na duba ba.

Sauran bayanin da dare aka yi shi, a tsakar gida, Hajiya na zaune a kan darduma tana jan carbi, mata na can ciki suna aikin ƙauri. Ita ce ta buɗe zancen, da alama ta daɗe da shi a ciki. Ta ce, "Ɗan nan, kai ka ce ciwon nan a wurina suka sha. Ni kuwa ga ni na haura 70, ban taɓa yin shawara ba. Ƙanena ne ya yi shawara yana saurayi, idonsa kamar kurkum, shi kuma ka ce jininsa fes. Wannan wane irin ciwo ne, mai kama mai lafiya ya bar majinyaci?"

Ya ce, "Goggo, ai kin faɗi maganar duka. Ba ki sha ba ne, kin gada, kamar yadda su ma suka gada. Ba laifin kowa."

Ga yadda abin ya ke. Bairos ɗin nau'in B, wanda Baruch Blumberg ya fara gano alamarsa a jini cikin shekarun 1960, har ya sami lambar Nobel cikin 1976, ba ya fasa ƙofa. Akwai wata kafa a jikin sel ɗin hanta wadda ta nan a ke mai da gishirin ruwan matsarmama bayan ya gama aikinsa a hanji. Ta nan ya ke bi, abin da Li Wenhui da abokan aikinsa suka gano a birnin Beijin na ƙasar Sin cikin 2012. In ya shiga, ba ya yawo da sinadarinsa a fili inda masu shinshina za su ji. Yana rufe cikin ɓawonsa har ya isa cibiyar sel ɗin, a can ya naɗe ya zama ɗan zobe, ya zauna kamar ɗan gida. Cikin 2004 masana a Kalifoniya ta Amurka suka bi hantar wasu birai da aka sa wa cutar, mako bayan mako, suna jiran su ji yekuwa. Ƙwayar ta yi ta yaɗuwa har ta cika hantar, ba a ji ko tari ba. Daga nan ne aka fara yi masa laƙabi da mai saɗaɗe.

Akwai dai mai gadi guda a can cikin cibiyar, mai suna Smc5/6, wanda kan hau kan baƙon zoben ya danne shi ya hana a karanta abin da ke rubuce a jikinsa. To, shi kuma bairos ɗin yana da wani ɗan furotin nasa, HBx, wanda aikinsa shi ne ya rataya wa mai gadin nan alamar shara, sai ita sel ɗin da kanta ta kwashe shi ta zubar. Masana a Janeba ta ƙasar Suwizalan suka bayyana wannan cikin 2016. Da likitan ya zo nan sai abokina ya ce, "Watau ɓarawon ne ya sa mai gida ya kori mai gadinsa." Kowa ya yi dariya, ban da Hajiya.

Shi bairos ɗin ba ya kashe sel da kansa. Ɓarnar na zuwa ne sa'ad da manyan sojojin jiki suka farga suka far wa duk sel ɗin da ya shiga. In babban mutum ne ya kamu, su kan far da ƙarfi, hanta ta ji jiki, wani lokaci ido ya yi ɗorawa, amma fiye da 95 cikin 100 su kan rabu da cutar. Abin da ya sami ƙanen Hajiya ke nan. In kuwa jariri ne, sojojinsa ba su san na gida da baƙo ba tukuna, sai su ɗauki bairos ɗin ɗan uwa, kuma kimanin 90 cikin 100 na jariran da suka kamu da shi za su zauna. Daga nan sai yaƙin sari ka noƙe na shekara da shekaru, ba a ci ba, ba a bari ba, kowane karo ya bar tabo. Wasu, kamar Hajiya, su tsufa ba abin da ya same su. Wasu tabon ya taru hantar ta ƙeƙashe, ko sankara ta tsiro. (Ya kuma ja kunnenmu cewa ba kowace shawara ce wannan ba; zazzaɓin cizon sauro da amosanin jini su ma su kan sa ido ya canza, sai awon jini ke rarrabewa.)

Na tambaye shi, tun da intafiron ne yekuwa, me zai hana a ɗura wa mutum shi? Ya ce an yi, ana ma yi: allura mako mako har mako 48, mutum ya yi ta fama da zazzaɓi da kasala, amma kaɗan ne ƙwarai ke rabuwa da cutar kwata-kwata, domin ɗan zoben nan na cibiya da wuyar tumɓukewa ya ke. Magunguna irin su tenofobir kan hana bairos ɗin hayayyafa, su kare hanta, amma su ma ba su taɓa zoben, shi ya sa yawanci a kan daɗe ana shan su, kuma ba kowa ke bukatarsu ba sai likita ya duba.

Ɗan uwansa nau'in C, wanda aka gano cikin 1989, halinsa dabam. Shi masu gadi su kan ji shigowarsa, amma yana tafe da almakashi na furotin da ya ke datse MAVS, saƙon ya yanke a hanya. Duk da haka wajen mutum uku cikin goma su kan kore shi da kansu. Wani abin mamaki da ya shafe mu kai tsaye: an daɗe ana lura cewa allurar intafiron ba ta yi wa baƙar fata aiki a kan nau'in C kamar yadda ta ke yi wa Turawa da mutanen Asiya ta Gabas. Cikin 2009 aka gano cewa gadon halitta ne, kana cikin 2013 aka gano cewa yawancin 'yan Afirka na fitar da wani ƙarin nau'in intafiron wanda mutane da yawa a wasu nahiyoyin ba su da shi, kuma masu fitar da shi ɗin su ne suka fi shan wuyar korar cutar. Yekuwar da ba ta tsayawa, a ƙarshe ba mai fitowa in an yi ta. Alhamdu lillahi, tun daga 2013 an sami ƙwayoyin sha da ke warkar da fiye da 95 cikin 100 na masu nau'in C cikin wata uku, har Masar, wadda a da ta fi kowa fama da shi, ta kusa kakkaɓe shi. Nau'in B ne har yanzu ba a sami irin wannan ba.

Kuma shi ne namu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi cikin 2022, Afirka na cikin inda ya fi yawa. A nan gida, babban binciken da aka yi gida gida cikin 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 na da shi, watau wajen mutum guda a kowane sahu na goma sha biyu, yawancinsu ba su sani ba. Allurar rigakafin ta shiga jerin alluran yara a ƙasar nan cikin 2004, alhali Gambiya ta fara tun 1986. Duk wanda aka haifa kafin nan, irinmu, sai dai ya je a auna shi. A ganina, abin takaicin shi ne tsoron da mutane ke yi ba a inda ya kamata ya ke ba. Na ji an ce ana guje wa mai ciwon a ƙi cin abinci da shi, a ƙi gaisawa, wai gumi na yaɗa shi. Ba haka ba ne. Ta jini ya ke bi, da haihuwa, da saduwa, da aska da allura da reza, kuma ya kan rayu a busasshen jini har kwana bakwai. Mai jego ma ba a hana ta shayarwa ba.

Ran Asabar da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, yaro ya ci sunan marigayin. Aka raba goro da dabino, aka ka da rago. Can sai ga wanzamin gidan, dattijo, rataye da zabira. Shi ya yi wa abokina askin suna, shi ya yi wa wansa. Na zuba ido in ga yadda za a ƙare, domin ba ƙaramin abu ba ne saurayi ya gyara wa dattijo sana'ar da ya gada. Likitan ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa masa sabuwar reza cikin takardarta, ya ce, "Baba, da wannan za a yi. Belu kuma a bar masa abinsa." Tsohon ya juya rezar, ya dube shi, ya ce ai shi tun kafin a haifi likitan ya ke aski. Shiru ya ɗan ratsa. Daga bayan labule sai muka ji muryar Hajiya: "Malam, a yi yadda ɗan nan ya ce." Wanzami ya yage takardar, ya jiƙa kan jariri, ya kama aikinsa.

Ran Lahadi da na shiga yi mata sallama, na iske katin rigakafin yaron a hannunta, ta sa shi cikin leda. Ba ta karatun boko, sai ta miƙo mini ta ce in duba mata ranakun komawa, kada iyayen su sha'afa. Na karanta mata: in ya cika mako 6, da mako 10, da mako 14. Ta ƙirga a yatsunta, ta ce na farkon zai faɗo kwana biyu bayan an gama wankan jego, ta karɓi katin ta tura ƙarƙashin matashinta. Likitan ya rako ni bakin titi da buhun wakena, muna jiran keke ya ce, "Yaya, kai fa an taɓa auna ka?" Na ce a'a. Ya ce ɗigon jini ɗaya ne a yatsa, minti 15, kuma motar Kano ba ta cika kafin azahar.